Manajan Mazarƙwaila a Kasuwar Makarfi

A Kudan, shekarun nan da mutane suka fara sabawa da sabuwar tutar ƙasa, an yi wani mutum ana kiransa Ɗan'azumi. In ka jiyo muryarsa daga bayan danga, sai ka rantse shi ke ba Lardin Zazzau shawara. In ka zagayo ka leƙa, sai ka tarar da shi riƙe da tsumagiya yana bin gindin doki.

Aikinsa ke nan. Yayansa, Malam Tukur, yana da injin matse rake a bakin fadama, irin wanda ake ɗaura wa doki dogon itace ya yi ta zagayawa, ruwan rake na tsiyaya a daro, a dafa shi ya zama mazarƙwaila. Dokin wani tsoho ne ana ce masa Bikili, kuma ba ya ɗaga ƙafa sai ya ji mutum a bayansa. Mutumin nan kuwa Ɗan'azumi ne. Tafiyar da ya yi a bayan Bikili, da miƙe ta aka yi, da tuni ya je Makka ya dawo, amma ko inuwar mangwaron da ke wurin bai taɓa wucewa ba. Ba abin da ya tsana a duniya kamar wannan zagaye, kuma ba abin da yake so kamar ranar da zai bar shi.

Ran nan sai ga motar wani kamfanin sabulu za ta Ikara, ta zo daidai bakin fadama ta fara tururi ta tsaya. Direban, wani mutumin kudancin Zazzau mai suna Barnaba, ya zo neman ruwa. Kafin ya dawo an fito da wata kujera mai naɗewa an kafa ta a inuwa, wani mutum mai farar taguwa ya zauna a kai, ya ɗaure fuska, yana ta duban agogon hannunsa. Wata tsohuwa ta wuce ta gaishe shi, bai ko amsa ba, sai ya yi wa direba raɗa, direba ya amsa a madadinsa.

Ɗan'azumi ya yar da tsumagiya ya matso kusa da Barnaba.

"Sannu da aiki, direba. Wancan na kan kujera fa, ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Manajan ciniki ne."

"Me yake sayarwa?"

"Shi? Tun da nake tare da shi ban ga ya sayar da ko allura ba. Mu ke sayarwa, shi yana lura. Har mataimaki gare shi a ofis, mai taya shi lurar."

"To me ake ba shi?"

Barnaba ya dubi hagu da dama, ya rage murya. "Fam sittin. Kowane wata. Ban da gida, ban da mota."

Ɗan'azumi ya ƙara matsowa. Ya ce, "A yi ciniki ko kada a yi?"

"Wata na mutuwa za a miƙa masa abinsa."

Har aka gama gyaran mota Ɗan'azumi bai ɗauke ido daga kan manaja ba. Kafin ta tashi ya haddace aikin kaf: a zauna, a ɗaure fuska, a dubi tsintsiyar hannu, kada a yi magana da mai saye ko da wuƙa aka sa maka a wuya.

Da la'asar, a dandali, albashin manaja ya zama fam ɗari. Da ya shiga gida kuwa, ya gaya wa matarsa Zulai cewa ba ƙirga masa ake yi ba, aunawa ake da mudu, kuma sai an yi masa tozo.

Zulai tana tankaɗe ta ce, "To kai ina ruwanka da mudun wani, Malam?"

"Ina ruwana? Aikin nan ni aka halitta wa shi! Zama ne fa. Duk Kudan wa ya fi ni iya zama?"

"Wannan kam ko a gaban alƙali na shaida."

"Ranar Laraba za ki ara mini kujerarki."

"Kujerata ba ta zuwa Makarfi. Ka ga tabarma can."

Washegari ya tasa yayansa gaba. Malam Tukur mutum ne mai ƙarancin magana da ƙarancin kyauta, kuma tun da ya kafa inji bai taɓa barin wani ya kai masa mazarƙwaila kasuwar Makarfi ba. Amma Ɗan'azumi ya bi shi fadama, ya bi shi masallaci, ya bi shi har ƙofar makewayi, yana yi masa bayanin yadda kamfanoni ke ciniki. Ga kuma raken da aka sara jibge yana jiran matsa, wanda in ya daɗe zai yi tsami. Tukur ya ga gara ya zauna ya kula da dahuwa da kansa.

Ya ce, "Na ji. Ga ta nan, dahuwar farko ce ta bana. Ka kai ta. In ka sayar, ka bar bin doki har abada, kai ne mai kai kaya kasuwa. In ka yi mini shirme, kai da Bikili sai damina ta raba ku."

Ɗan'azumi ya buga ƙirji. "Yaya, ka fara neman rumbun da za ka zuba kuɗi."

Ranar Laraba, ana sallame sallar asuba, Tukur na masallaci yana lazimi, Ɗan'azumi ya yi lissafi. Manaja ba ya zuwa aiki a ƙasa, sai da mota. Ya kwance Bikili. Manaja ba ya zuwa da tsumma. Ya shiga turakar yayansa ya ɗauko babbar rigarsa ta zuwa kasuwa da jar dararsa, waɗanda duk Makarfi ba wanda bai san su ba. Saura agogo. Ya sami murfin gwangwanin man shafawar Zulai, ya huda shi, ya ɗaura a hannu da igiyar fata.

Masu jakunan da Tukur ya yi haya wa da ƙane ne, Uwaisu babba, Ashafa ƙarami. Suka ɗora mangaloli, suka dubi Ɗan'azumi a kan doki, suka dubi juna, suka kora jakuna.

A hanya ne aka gane halin motar manaja. Bikili, tun yana ɗan duƙushi, bai san wata tafiya ba sai zagaye. In jakuna na gabansa, yana bin su lafiya. Da zarar ya ga abu a tsaye, kuka ce ko suri, sai ya karkata hagu ya fara kewaya shi, kai a sunkuye, tsakaninsa da Allah. A wata kuka sai da suka yi ta juyawa har Ɗan'azumi ya fara ganin jakuna bibbiyu.

Ashafa ya ce, "Malam Ɗan'azumi, ko in riƙe maka linzami?"

"Ƙyale shi. Duba ƙasa muke yi. Haka manajoji ke yi."

Da hantsi suka isa Makarfi, kasuwa ta fara cika. Suka sauke kaya a gindin wani durumi, suka jera mazarƙwaila tana ƙyalli, suka ɗaure doki a saiwa kusa da mangalar da ba a kwance ba. Ɗan'azumi ya shimfiɗa tabarma ya harɗe a kai, ya baza riga.

Ya ce, "Ku saurara. Ni ne manajan ciniki. Ba na ɗaukar kaya, ba na faɗin kuɗi, ba na magana da mai saye. Ku za ku yi ciniki, ni in lura."

Ashafa ya ce, "Mu jakuna aka ce mu kawo."

"Kai, ba ka son ci gaba? Ka san abin da ake ba manaja?" Nan ya kwashe labari ya faɗa musu, ya ƙara da gida mai bene da mataimaki mai taya lura.

Idon Ashafa ya yi wal. "Shi mataimakin, zama yake yi shi ma?"

"Zama mana, amma ɗan nesa kaɗan."

Ashafa ya cire takalmi, ya hau tabarma, ya zauna ɗan nesa kaɗan, ya ɗaure fuska.

Ɗan'azumi ya ce, "To, Uwaisu, saura kai. Kai ne mai ciniki."

Uwaisu ya dube shi kamar ya zage shi. "Ni? Ashafa da na goya, na share wa majina, yana zaune ni ina tsaye ina yi masa talla? A gidan wa aka taɓa yin haka? Matsa mini!" Ya hau tabarma shi ma, kuma don kada a ce ƙanensa ya fi shi muƙami, ya ɗaure fuska fiye da ta kowa.

Haka suka jeru su uku, kamar an dasa su.

Mai saye na farko ya zo ya ce, "Nawa-nawa?" Ɗan'azumi ya dubi murfin gwangwani, ya nuna Ashafa da haɓa. Ashafa ya nuna Uwaisu. Uwaisu ya nuna Ɗan'azumi. Mutumin ya miƙa kuɗi, ba wanda ya miƙo hannu. Ya mai da abinsa aljihu ya tafi yana waiwaye. Na biyu haka, na uku haka.

Can sai ga wani Bakano mai babbar mota, ya ɗauki mazarƙwaila ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya gutsura, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Wannan ta dahu. Duka nake so, har ta cikin mangala." Ya faɗi kuɗin da ko Tukur da rowarsa ba zai ce albarka ba. "A sallama mini?"

Zuciyar Ɗan'azumi ta yi tsalle. Ga rabuwa da gindin Bikili ta zo har gabansa, kalma biyu kawai ta rage, ya ce na sallama. Har bakinsa ya buɗe, sai ya tuna mai farar taguwa ko gaisuwar tsohuwa bai amsa ba. Ya mintsini Ashafa, ya yi masa raɗa, "Ce ka sallama."

Ashafa ya juya ya yi wa yayansa raɗa, "Yaya, an ce ka sallama."

Uwaisu ya ce, "Kai ne za ka aike ni? Ka ci gidanku, wanda yake gidanmu."

Bakano ya jira, ya sake tambaya, ya tafa hannu a gaban fuskokinsu. Daga ƙarshe ya ce, "Allah ya ba ku lafiya," ya wuce rumfar gaba. Ɗan'azumi na kallo aka loda masa mazarƙwailar wani. Baƙin ciki ya tokare shi, idanunsa suka kawo ruwa, amma bai saki fuska ba.

A wannan hali Malam Ahmadu ya same su. Dattijo ne na Makarfi, aminin Tukur, kowace Laraba sai sun gaisa a gindin durumin nan. Ya dubi doki, na Tukur ne. Ya dubi riga da dara, na Tukur ne, amma a jikin ƙanensa. Ya dubi maza uku a jere kan tabarma, ba mai magana, mai rigar yana hawaye. Tukur kuwa, wanda ko zazzaɓi bai taɓa hana shi kasuwa ba, babu shi.

Sandar Malam Ahmadu ta faɗi. Ya durƙusa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe Tukur lokaci ya yi? Allah ya jiƙansa!"

Ɗan'azumi ya zabura, ya mintsini Ashafa. "Gaya masa Yaya na nan da ransa."

"Yaya Uwaisu, an ce ka gaya masa."

"Na ce ba ka isa ka aike ni ba!"

Suna cikin wannan raɗa Malam Ahmadu ya ɗaga hannuwa ya ce, "Mu yi masa Fatiha." To, wane ne za a ce Fatiha a gabansa ya bar hannunsa a cinya? Hannuwa shida suka tashi da kansu. Aka shafa, su uku suka ce amin da ƙarfi, kuma duk wanda ke kusa ya ji su.

Dattijon ya share ido, ya dubi mazarƙwaila. "Wannan ta sadaka ce?"

Mai sayen nan na farko, da ya dawo kallo, ya ce, "Ai tun safe ba sa karɓar kuɗi, Baba. Ni ma na miƙa suka ƙi."

"Allahu akbar! Allah ya kai ladan kabarinsa." Ya ɗauki ɗaya ya sa aljihu.

Kafin a ce haka, labari ya gama kasuwa. Mahauta suka zo, masu barkono suka zo, Fulani masu nono suka ajiye ƙore suka zo. Kowa ya durƙusa, ya yi gaisuwa, ya ɗauki ɗaya, mai 'ya'ya da yawa ya ɗauki biyu. Ɗan'azumi na ta cewa a ransa yanzu zai miƙe ya warware, to amma tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa durƙusa masa ba, yau ga masu furfura suna layi. Ya ce bari wannan ya wuce tukuna. Wannan ya wuce, ya ce bari na bayansa.

Sai ga sarkin kasuwa da kansa. Ya tsuguna ya kama hannun Ɗan'azumi, har da agogon gwangwani, ya ce, "Sai haƙuri. Yanzu kai ne babba. Inji da fadama da gida duk sun dawo wuyanka."

Daɗi ya ratsa Ɗan'azumi har tafin ƙafa. Nan ne, kaico, ya karya dokar manajoji, ya buɗe baki ya yi maganarsa ta farko a ranar.

Ya ce, "Mun gode."

A daidai lokacin wani mutum ya jingina keke a bayan taro, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Malam Tukur ne. Ya fito masallaci ya tarar ba doki, ga rake na jira, ya ari keke ya biyo sawu, yana mamakin abin da ya sa sawun ke kewaye kowace kuka. Ya ga cincirindo, ya taɓa wani baƙo ya ce, "Me ake yi nan?"

Baƙon ya gutsura masa rabin tasa. "Karɓi, sadakar Malam Tukur na Kudan ce. Sun ce mutumin kirki ne, sai dai rowa. Ka ga sai da ya mutu aka ɗanɗani abinsa."

Tukur ya dubi abin da ke hannunsa, ya gane dahuwarsa. Ya ture mutane ya kutsa har gaban tabarma, ya tsaya.

Malam Ahmadu ne ya fara ganinsa. Dattijon da ke tafiya da sanda ya tsallake mangala ba tare da ita ba. Wata mai nono ta ƙwala ihu ta ce fatalwa, kasuwa ta yamutse, sarkin kasuwa ya bar takalminsa ɗaya. Uwaisu da Ashafa suka ajiye muƙamansu a tabarma suka shige tsakanin jakuna.

Tukur ya ce, a hankali, "Ɗan'azumi. Yaushe na rasu?"

Ɗan'azumi ya dubi agogo. Daga nan ya yi wuf ya tsinke igiya, ya haye Bikili, wanda ya zaro kansa daga cikin mangala baki duk danƙo. Ya zuba masa dudduge ya ce, "Kudan!"

Bikili bai taɓa jin ƙarfi irin na ranar ba, don ya cinye rabin mangala. Ya zabura da gudu kamar ɗan duƙushi. Sai ya ga durumi a tsaye. Ya karkata hagu.

Tukur bai bi su ba. Ya cire takalminsa na fata, ya gyara tsayuwa, ya jira. Doki ya kewayo da Ɗan'azumi har gabansa. Tas!

"Ina kuɗina?"

"Yaya, tsarin kamfani ne, ba za ka gane..." Doki ya wuce da shi. Ya kewayo. Tas!

"Ina mazarƙwailata?"

"An tallata ta, Yaya! Yanzu duk Makarfi an san..." Ya kewayo. Tas!

"Wa ya ce mun gode?"

"Ladan fa naka ne!"

Mutanen da suka gudu suka fara dawowa, don sun ga fatalwa ba ta duka da takalmi. Suka yi da'ira suna lasar sadaka, duk kewayowa su ce, "Ga shi nan!" Ɗan'azumi na jan linzami dama, Bikili na bin hagu, dara ta faɗi, riga ta naɗe masa kai, har dokin ya gaji don kansa ya tsaya cak a gaban ubangidansa, yana jiran a zuba rake.

Ashafa ya leƙo daga bayan jaki ya ce, "Malam Tukur, barka da dawowa. Batun albashinmu fa? An ce a yi ciniki ko kada a yi." Tukur ya ɗaga takalmi, Ashafa ya koma inda ya fito.

Washegari Bikili ya tashi ciki a kumbure kamar ganga. Mai maganin dabbobi ya zo ya latsa, ya ce zaƙi ne ya yi masa yawa, a ba shi kanwa da dusa, kada ya taɓa aiki sai kumburin ya sace. Rake kuwa ba ya jira. Tukur ya dubi itacen inji, ya dubi ƙanensa.

"Na ce kai da Bikili sai damina, ko? To ga shi ba ya iyawa. Shiga wurinsa."

Da rana ta take, Zulai ta iso bakin fadama da kwanon tuwo a ka, ƙwaryar dusa a hannu. Ta tarar da mijinta ya rungumi itace da ƙirji yana turawa, yana zagayawa hagu, gumi na ɗiga daga gemunsa. A inuwar mangwaro kuwa ga Bikili, ya ɗaure fuska, ba ya kula kowa, wani shaƙiyyi ya ɗaura masa murfin gwangwani a ƙafar gaba.

Ɗan'azumi ya kewayo ta gabanta yana haki. "Zulai, miƙo tuwon nan, zan faɗi."

Ta wuce shi da ƙwaryarta, ta nufi inuwa.

Ta ce, "Yi haƙuri, Malam, ƙara zagaye ɗaya. Bari in fara sallamar manaja."